Yadda Ake Ɗaukar Hoton Furannin Daji da Shimfiɗar Ƙasa a Kan Keken Hawan Dutse a Tsaunukan Jos

Mai tuƙa keke a hanyar daji idonsa yana kan ƙasa, 'yan taku kaɗan a gabansa, yana duban dutse da saiwa da ramin da ruwa ya zaizaye. Mai ɗaukar hoto kuwa idonsa yana gefen hanya, yana neman ɗan launi a cikin ciyawa ko inda haske ya faɗo a kan tsauni. Idan mutum ɗaya ya ce zai yi duka biyun a lokaci guda, ko dai ya dawo gida da hotuna marasa kyau, ko ya dawo da gwiwa a kuje, domin taura biyu ba ta taunuwa. Dabarar ita ce a raba tafiyar tun daga gida, a san inda za a yi tuƙi da inda za a sauka a yi hoto. Zan yi bayanin ne da misalin tsaunukan Jos, inda gari kansa yake kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma suka kai mita 1,829, ga hanyoyin ƙafa da na shanu da suka ratsa tsakanin duwatsu da kurmin bakin rafi da gonakin acca da dankalin Turawa.

Mataki na farko: zaɓen wata da sa'a

Fure ba ya jiran wanda ya makara, don haka kafin a duba keke ko kyamara sai a duba kalanda. Damina a Jos tana farawa ne wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara yana kai kimanin milimita 1,400. Da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa, tsirrai masu albasa ko dankali a ƙarƙashin ƙasa ne ke fara fitowa, tun ciyawa ba ta yi tsawon da za ta rufe su ba. A wannan lokaci ake ganin albasar kwaɗi da manyan furanninta, a kuma ga takalmin zomo, wanda masana ke kira Costus spectabilis: ganye huɗu masu faɗi a shimfiɗe a ƙasa, fure ruwan ɗorawa a tsakiyarsu. Shi ne furen da ke jikin tambarin Najeriya, a ƙarƙashin garkuwa, sai dai a tambarin an fi zana shi ja, alhali na daji ruwan ɗorawa ne.

A tsakiyar damina ake samun gatarin kurege, wato Gloriosa superba, wanda ke hawa jikin wasu tsirrai da ƙarshen ganyensa mai lanƙwasa, furensa ja da rawaya a murɗe kamar harshen wuta. Matsalar wannan lokaci ita ce marka. A Yuli da Agusta hanya kan zama taɓo, duwatsu su yi santsi, hadari kuma yakan taso da rana tsaka ko da la'asar. A ganina ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba ya fi kowane lokaci dacewa da wanda yake son haɗa tuƙi da hoto, domin ƙasa ta fara tsanewa, tsaunuka suna kore shar, iska kuma a wanke take har ana hango nesa. A lokacin ne Tithonia, wani dogon tsiro ɗan asalin Meziko da ya bazu a bakin hanyoyi, yake rufe wurare da furanni ruwan ɗorawa.

Kada a ɗauka rani ba shi da fure. Bayan gobarar daji tsiron da ake kira rawaya takan fito da furenta daf da ƙasa a kan baƙar toka, kuma da wuya a samu launuka biyu da suka fi waɗannan fitar da juna a hoto. Gurjiya da minjirya suna yin jan fure a kan rassan da suka kaɗe, ɗorawa kuma ta rataye jajayen tuntayenta. Sai dai hazon hunturu yana dushe nesa, ƙura kuma tana shiga ko'ina.

Game da sa'a, Jos tana kusan digiri goma arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana miƙewa sama da sauri. Tana fitowa tsakanin ƙarfe 6:00 da 6:45 gwargwadon wata, kuma hasken nan mai laushi da masu hoto ke nema ba ya cika sa'a guda kafin ya yi kaifi. Ma'anar wannan ita ce, fitowar rana ta iske mutum a wurin da yake son ɗauka, ba a ƙofar gida yana ɗaura takalmi ba. Da sanyin safiya akan kama fara, kuma a nan maganar a zahiri take: iska ba ta tashi ba, raɓa tana kan ganye, ƙwari kuma ba su warware ba balle su tashi daga kan fure.

Mataki na biyu: hanya da mutanenta

A zaɓi gajeriyar hanya. Tafiyar da mai tuƙi zalla zai gama a sa'a biyu takan ci sa'a uku ko huɗu idan ana tsayawa hoto, don haka kilomita goma zuwa goma sha biyar sun isa. Hanyar da aka taɓa bi ta fi sabuwa, domin an riga an san inda rafi yake, inda hawa yake, da ɓangaren da rana ke haskawa da safe. Idan sabuwa ce, a fara binta sau ɗaya ba da niyyar hoto ba, ana lura da wuraren da za a dawo musu.

Da ɗan gari akan ci gari. Hanyoyin da ke kewayen Shere, ko na ɓangaren Riyom, ko waɗanda suka ratsa tsoffin kududdufan haƙar kuza a wajen Bukuru da Rayfield, duk na jama'a ne da ke zaune a wurin, ba filin wasa ba ne. A tambayi halin tsaro a ranar da za a fita, ba labarin makon jiya ba, a tafi mutum biyu ko uku, a kuma bar wa wani a gida sunan hanyar da lokacin dawowa. Idan hanya ta bi ta cikin ƙauye, a sauka daga keke a gaisa, a nemi mai unguwa ko wani dattijo a faɗa masa abin da ya kawo ku. Akwai duwatsu da kurmi da mutanen wuri ke girmamawa bisa al'adarsu, waɗanda ba a shiga kuma ba a ɗauka, kuma ba allo ne zai gaya wa baƙo ba, mutane ne. Dajin Amurum da ke kusa da Laminga wurin bincike ne na cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, don haka ba a kutsa shi da keke sai da izini. Shingen jami'an tsaro da barikoki kuwa ba a ko ɗaga musu kyamara.

Mataki na uku: keke da kaya

Da daddare kafin fita a duba birki na gaba da na baya, a shafa wa sarƙa mai, a gwada giya. Taya mai faɗi da manyan haƙora ba ta son iska mai yawa. Idan ta yi tauri kamar ta keken titi, za ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, kuma duk wannan jijjigar tana isa ga kyamara. Idan kuma ta yi laushi sosai, gefen dutse zai matse tub ya huda shi. A ɗauki tub guda na sauyi, da famfo, da kayan faci, domin ƙauyuka da yawa a wannan yanki suna shinge da ƙerana, kuma ƙayarta ba ta raga wa taya. Ruwan farin da ke fita daga jikinta yana ƙuna, yana kuma da haɗari ga ido, don haka wanda ya taɓa ta kada ya murza ido.

Kyamara ɗaya da idon kyamara ɗaya, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, sun wadatar. Ido mai zuƙowa da ke kama daga faɗi zuwa matsakaicin nesa, kamar milimita 18 zuwa 55 da ake sayar da yawancin kyamarori da shi, yana iya ɗaukar tsauni, yana kuma iya matsawa kusa da fure mai girman tafin hannu. Wanda ya ƙwallafa rai a kan ƙananan furanni zai iya ƙara ido na musamman na ɗaukar kusa, amma ya sani cewa sauya ido a fili, musamman da hunturu, yana shigar da ƙura cikin kyamara, kuma ɗigon ƙura ɗaya zai bayyana a sararin samaniyar kowane hoto da ya biyo baya. Wayar hannu ta zamani ma tana yin aikin, kuma ita ce mafi yawan mutane za su yi amfani da ita.

Inda aka ajiye kyamara shi ke yanke yawan hotunan da za a ɗauka. Wadda aka cusa a ƙasan jakar goyo sai an tsaya, an sauke jaka, an tono ta, kuma bayan tsayawa ta uku mutum yakan fara cewa furen bai kai a wahala ba. Ƙaramar jaka mai soso da ake ɗaurawa a ƙugu ko a ƙirji ta fi, domin hannu ɗaya yana isa gare ta. Ba a rataya kyamara a wuya ana tuƙi, saboda za ta riƙa dukan kan keke, reshe kuma yana iya kama igiyar. Ba a kuma sa ƙarfe ko wani abu mai tauri daidai ƙashin baya, don idan an faɗi shi zai fara dokar mutum. Waya ma gara ta zauna a aljihu mai zip da a maƙala ta a kan keke: kamfanin Apple ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjiga mai ƙarfi irin ta injin babur tana iya lalata na'urar da ke hana hoto rawa a cikin kyamarar waya, kuma ko da yake keke ba shi da inji, ban ga dalilin gwada sa'a a kan hanyar duwatsu ba.

Sauran kayan ƙanana ne: batir na biyu, katin ajiya da ke da wuri, tsumma mai laushi na goge ido, leda mai kauri saboda ruwan sama, farin hankici babba, ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi, da hular kwano da safar hannu. Sandar kyamara mai ƙafa uku nauyi ce kawai a kan keke. Jakar da aka ɗora a kan dutse tana yin aikinta.

Mataki na huɗu: inda ake tsayawa da yadda ake tsayawa

A hawa ake ganin fure, a gangare ake wuce shi. Lokacin da ake hawan tudu keke yana tafiya a hankali, ido yana da sararin duba gefe, tsayawa kuma ba ta da haɗari. A gangare dukan hankali ya koma kan hanya. Idan wani launi ya gifta ta gefen ido ana gangarowa, kada a danne birki nan take, domin birkin gaba da aka matse da ƙarfi a kan tsakuwa shi ke wurga mutum ta saman keke. A rage gudu da birki biyu a hankali, a tsaya inda ƙasa ta daidaita, a dawo da ƙafa. Idan hanyar ta zuwa da dawowa ce, a yi hotunan furanni a tafiya, tun haske yana da laushi, a bar dawowa don jin daɗin tuƙi.

Ba a tsayawa a bayan kwana ko a ƙasan gangare inda mai tahowa ba zai hango ba, ko abokin tafiya ne, ko mai babur, ko garken shanu. A fitar da keke daga hanya a kwantar da shi ta yadda ɓangaren sarƙa da giya zai kalli sama, don kada ƙarfen sauya giya ya lanƙwashe, a kuma duba kada a kwantar da shi a kan furannin da aka tsaya dominsu, ko a kan shukar wani.

Sannan a dakata minti ɗaya. Wanda ya gama hawan tudu zuciyarsa tana bugawa, hannunsa yana rawa, gumi yana sauka daga hular kwano. Na taɓa asarar hotunan safiya guda saboda ɗigon gumi da ya faɗa wa idon kyamara ban lura ba, sai da na buɗe su a kwamfuta na ga kowanne da hazo a kusurwa ɗaya. A cire safar hannu, a share fuska, a sha ruwa, a duba ido a goge shi. A yi amfani da wannan mintin wajen duba ƙasa inda za a durƙusa. Kasa tana kwanciya cikin ganye ba ta motsi, kububuwa tana ɓuya a gindin duwatsu, ga kunama da cinnaka, ga ƙaiƙayi a bakin kurmi. A buga ciyawa da sanda kafin a sa gwiwa, kada kuma a zura hannu inda ido bai gani ba.

Mataki na biyar: hoton fure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar fure daga tsaye. Hoton da aka ɗauka daga sama yana haɗa fure da ƙasa da busasshen ganye duk a wuri ɗaya, ba a san abin da ake son nunawa ba. A sauko daidai tsayin furen, a durƙusa, ko ma a kwanta rub da ciki idan rawaya ce da ke manne da ƙasa. Daga nan abin da ke bayan furen ya koma nesa: ciyawa, ko inuwar kurmi, ko tsauni, ko sararin sama. Takalmin zomo ne kaɗai zan ce a ɗauke shi daga sama ma, domin kyansa yana cikin yadda ganyen nan huɗu suka kewaye furen.

Kafin a danna, a zagaya furen a duba bayansa. Matsawa da faɗin hannu ɗaya zuwa dama ko hagu yakan kawar da reshen da ya ratsa hoto ko farin dutsen da ke jan ido. Inuwa mai duhu a baya tana fitar da jan fure da ruwan ɗorawa ƙwarai. Gwargwadon nisan bayan daga furen, gwargwadon narkewarsa a hoto, furen ya fito shi kaɗai.

A kyamara abubuwa uku ake juyawa. Ƙofar haske, wadda ake rubuta ta da harafin f, ita ke yanke yawan abin da zai fito sarai: f/4 ko f/5.6 yana dushe baya ya bar furen, amma idan an matso sosai, abin da ke fitowa sarai bai wuce 'yan milimita ba, don haka fure mai zurfi kamar gatarin kurege yana buƙatar f/8 kafin gabansa da tsakiyarsa su fito tare. Saurin ƙiftawa, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa idan da hannu ake riƙe, idan kuma iska tana kaɗa furen a kai 1/500 ko fiye. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya zauna a 100 zuwa 400 a fili, amma a cikin kurmi, inda ganye ya tare haske, kada a ji tsoron kai shi 800 ko 1,600, domin hoto mai ɗan yashi ya fi hoto mai rawa. A sa saitin gani, wato wurin da ake son ya fi fitowa sarai, a kan tsakiyar furen, ko a kan idon ƙwaro idan akwai shi a kai.

Da waya, a taɓa furen a fuskar waya har ta kama shi, a danne na ɗan lokaci don saitin ya kulle, sannan a ja alamar haske ƙasa kaɗan. Idan an matso har wayar ta kasa kamawa, a ja baya a yi amfani da ido na biyu mai ninki biyu ko uku, idan wayar tana da shi. Zuƙowa da yatsu fiye da abin da idon ke iyawa yankan hoto ne kawai, yana rage ingancinsa.

Ja da ruwan ɗorawa suna da wata matsala ta musamman: a ƙarƙashin rana sukan cika har jijiyoyin da ke jikin furen su ɓace, ya koma dunƙulen launi. Maganinsa a rage haske da kashi ɗaya cikin uku ko biyu cikin uku na mataki ɗaya a ma'aunin hasken kyamara. Idan rana ta riga ta yi kaifi, farin hankicin nan ya yi amfaninsa: abokin tafiya ya riƙe shi tsakanin rana da furen, sai hasken ya yi laushi kamar na ranar gajimare. Idan babu mai riƙewa, a tsaya ta yadda inuwar jiki za ta rufe furen da bayansa duka, kada rabi ya kasance a rana rabi a inuwa. Da sassafe kuwa a gwada sa rana a bayan furen, domin haske yana ratsa ganyensa ya fitar da gashin jikin kara da ɗigon raɓa. A kare idon kyamara da tafin hannu kada hasken ya faɗa masa kai tsaye. Filasha a kashe ta.

Iska sai haƙuri. A jingina jaka ta ɓangaren da take busowa, a dafe gwiwar hannu a ƙasa ko a cinya, a jira lafawarta, a ɗauki hoto huɗu ko biyar a jere, domin ɗaya daga ciki zai fi sauran kaifi. Kada a tsinke fure don a kai shi inda haske ya fi, kada kuma a tumɓuke ciyawar da ke kewaye da shi. Gatarin kurege ma duk jikinsa guba ne, musamman dankalinsa, saboda haka kallo da hoto sun isa. Idan ana son sanin sunan tsiron daga baya, a ƙara hoton ganye da na kara da na tsiron gaba ɗaya, domin fure shi kaɗai sau da yawa ba ya isa a tantance.

Mataki na shida: tsauni, kurmi da ruwa

Wurin da ya cika ido a zahiri yakan fito ƙarami kuma fayau a hoto, saboda an ɗauki nesa kawai. A nemi abin da zai zauna a gaba: tarin furanni, ko dutse, ko hanyar kanta tana lanƙwasa tana shiga cikin hoton. Duwatsun Riyom da suka hau kan juna, alal misali, girmansu ba ya bayyana sai an ga mutum ko keke a kusa da su. A kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara don a miƙe layin da ƙasa ta haɗu da sama, a kuma yanke shawara: idan gajimare yana da kyau a ba shi kashi biyu cikin uku, idan sama fari ne fat a bar masa ɗan kaɗan. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11 ta dace, da saitin gani a kan abin da ke kusan sulusin nisan wurin.

Bayan ɗaukewar ruwan sama iska takan yi garau, launuka su yi ƙarfi, kuma shi ne lokacin hoto mai faɗi. Da hazo kuwa faɗi ba ya biya. A zuƙo a ɗauki tsaunuka jere, na gaba da duhu, na baya suna ƙara dushewa. Wanda ya ga hadari yana haɗuwa alhali yana kan buɗaɗɗen dutse ya ɗauki hoto ɗaya ya sauka, domin tsawa tana faɗa wa wuri mai tsayi, kuma dutsen da aka hau a bushe wani abu ne daban idan ya jiƙe.

Cikin kurmi rana ce abokiyar gaba. Hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye yana yin fararen tabo da baƙaƙen inuwa waɗanda kyamara ba ta iya haɗawa. Ranar gajimare, ko kafin rana ta leƙo cikin kwari, ita ce ta kurmi. Idan an kai ga ruwa mai gangarowa, kamar na Assop da ke kusa da Hawan Kibo, ana iya sa ruwan ya fito kamar zaren auduga ta hanyar rage saurin ƙiftawa zuwa rubu'i ko rabin daƙiƙa, da ISO mafi ƙanƙanta da ƙofar haske a tsuke. Wannan ba ya yiwuwa da hannu: a ɗora kyamara a kan jaka bisa dutse, a sa mata jinkirin daƙiƙa biyu, a ɗauke hannu.

Hoton abokin tafiya yana tuƙi a shirya shi, kada a yi shi kwatsam. Mai hoto ya wuce gaba ya zaɓi wuri a gefen hanya, ya durƙusa da furanni a gabansa, ya kulle saitin gani a daidai inda keke zai bi, ya sa saurin 1/1000, sannan ya yi kira. A bar fili a gaban mai keken fiye da bayansa. Wanda yake son a ga gudu a hoton ya sauko zuwa 1/30 ko 1/60, ya bi mai keken da kyamara yana juya ƙugu yayin da yake dannawa. Yawancinsu za su lalace, don haka a roƙi abokin ya maimaita sau uku ko huɗu. Manoma da makiyaya da mata masu ɗauke da itace da za a haɗu da su a hanya ba a ɗaukarsu sai an gaisa an nemi izini, kuma idan sun ƙi an bar maganar.

Mataki na ƙarshe: bayan an dawo

A fara da kyamara kafin keke. A hure ƙura daga ido kafin a goge, domin tsumma a kan yashi yana karce gilashi. Idan ta sha danshi a fitar da ita daga jaka a bar ta a wuri mai iska, don idon da aka rufe alhali yana da danshi yakan yi fumfuna daga ciki. A kwafe hotuna zuwa wuri biyu kafin a share kati. Wajen gyara a taƙaita: a miƙe hoto, a rage hasken da ya yi yawa, a ɗaga inuwa kaɗan. Wanda ya ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana da sararin gyara fiye da mai JPEG, tsarin da aka saba, amma ƙara wa launi ƙarfi har ciyawa ta koma kamar fenti yana ɓata aikin, kuma yana rikita wanda zai taimaka wajen gane tsiron. Manhajar iNaturalist tana taimakawa da sunan kimiyya, dattawan ƙauye da masu maganin gargajiya kuma su ne ke da sunan gida da amfanin tsiron. Idan furen da ba a cika gani ba ne, a cire bayanin wurin daga hoton kafin a sa shi a intanet, saboda masu tono.

Keke a wanke shi, a cire irin ciyawa da ya maƙale a taya da safa da igiyar takalmi, don kada a kai shi wani dajin. Daga nan a buɗe ƙaramin littafi a rubuta kwanan wata, da hanyar da aka bi, da furen da aka gani da inda yake, da sa'ar da rana ta iso wurin, da ko ya fara buɗewa ne ko ya fara yaushi. Tsirrai masu albasa da dankali a ƙasa suna fitowa a wuri guda kowace shekara, sai dai lokacin yakan gusa da mako ɗaya ko biyu gwargwadon saukar ruwan farko, don haka a rubuta ranar da ruwan farko ya sauka a shafin farko na littafin.